Agogona ya samu matsala: in kai wa mai gyara ne, ko in bi garantin kamfani?

Da tire na fara sayar da agogo a cikin cunkoson Legas, kafin Allah ya hore mini ɗan shago a Agege. Ni ba mai gyara ba ne, amma teburin wani dattijo mai gyara yana jingine da bangon shagona, kuma abin da ido ya daɗe yana gani, kai yakan riƙe. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, daga 'yan canji zuwa masu gadi, daga matan Idi Araba zuwa 'yan gwari na Mile 12.

Agogona ya tsaya cak. Me zan fara yi?

Kada ka bari kowa ya buɗe bayansa tukuna. Wannan ita ce maganar da zan yi ta nanatawa har ka gaji da ni. Kafin wuƙa ko maɓuɗi ya taɓa murfin, zauna ka amsa wa kanka abu uku: a ina aka saye shi, yaushe, kuma ina takardunsa? In har an saye shi a hannun dillalin da kamfani ya amince da shi, wa'adin garanti bai cika ba, katin yana nan, to ƙafarka ta nufi wurin dillalin. In ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, yawanci mai gyara na unguwa shi ne abokin tafiyarka, kuma ba abin kunya ba ne.

Dalilin gaggawar faɗar wannan shi ne, buɗewa ba ta komawa baya. Wani ango ya taɓa zuwa wurinmu da agogon da surukinsa ya ba shi, wata biyar kacal da saye, da kwalinsa da katinsa. Ranar da ya tsaya, a hanyarsa ta zuwa Obalende ya miƙa wa wani yaro mai tebur, yaron ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare murfin, ya sauya batir, agogo bai tashi ba. Da ya kai wa dillalin, ma'aikacin ya juya bayan agogon, ya ga ƙarzar wuƙa a gefen murfi, ya mayar masa da abinsa. Dattijon maƙwabcina ya daɗe yana duba shi da madubin ido, sannan ya ce, "Ɗana, laifin tun daga masana'anta ya zo, da kyauta za su gyara maka. Wuƙar nan ce ta cinye maka garanti."

Shi garantin, me yake ɗauka, me ba ya ɗauka?

Garanti alkawari ne a kan laifin ƙira kawai: injin da ya mutu ba dalili, hannun agogo da ya zare da kansa, kwanan wata da ya daina juyawa, maɓallin da bai taɓa aiki daidai ba. Abin da ya faru a hannunka naka ne. Faɗuwa a kan siminti, fashewar gilashi, ƙarzuwa, tsufan maɗaurin fata, shuɗewar ruwan zinare, duk ba sa ciki. Batir ma yawancin kamfanoni sukan cire shi daga alkawarin. Sata ko ɓata kuwa ba a ma maganarsu.

Sai sharaɗin da ya fi cin mutane: in wanda kamfani bai ba izini ba ya buɗe agogon ko ya sa masa kayan da ba nasu ba, suna da damar cewa alkawari ya warware. Ana rubuta wannan a ɗan littafin nan da ke cikin kwali, wanda mu kan jefar tare da leda.

Shekara nawa garanti yake yi?

Kowane kamfani da nasa. Rolex yana ba da shekara biyar tun daga Yulin 2015, Omega ma ya koma shekara biyar a 2018. Cartier yakan kai shekara takwas, amma sai ka yi wa agogon rajista a wurinsu. Tissot da Swatch shekara biyu ne a mafi yawan agogunansu. Casio ya danganta da ƙasar da aka saya: shekara ɗaya a Amurka, biyu a Turai. Agogon Apple shekara ɗaya. Ana fara ƙirgawa daga ranar saye da ke jikin kati ko rasit, ba daga ranar da ka fara ɗaurawa ba. Wanda ya ajiye agogon lefe a akwati shekara biyu, wa'adinsa yana tafiya yana barci.

A Idumota na saya, ba a ba ni kati ba, amma mai shagon ya rantse orijinal ne. Ina da garanti?

Na kamfani dai da wuya. Kaya iri uku ne a kasuwa, a Idumota ne ko Balogun ko Trade Fair. Akwai na dillalin kamfani, mai kati da hatimi da kwanan wata da lambar da ta dace da ta bayan agogo. Akwai orijinal na gaske wanda ɗan kasuwa ya sayo a Dubai ko wani wuri ya shigo da shi da kansa: agogon ba shi da aibi, sai dai katinsa fanko ne, ko babu shi sam, kuma kamfani bai san da cinikin ba. Sai jabu, wanda sunan kawai ya ara.

A na biyun, garantinka shi ne mutuncin mai shagon. In ya ce maka "wata shida, in ya samu matsala kawo", ka ce, "Alhaji, don Allah a rubuta mini a jikin rasit." Ba rashin yarda ba ne. Yaron shago yakan canja, Alhaji yakan yi tafiya, takarda ce ba ta mantuwa.

Wanda aka saya ta tagar danfo a cikin cunkoso kuwa, ni na yi wannan sana'ar, ina faɗa maka da bakina: garantinsa yana ƙarewa ne lokacin da hanya ta buɗe.

Tsarabar Makka ce aka kawo mini. Garantin zai yi aiki a Legas?

Duba katin. In an rubuta cewa na ƙasa da ƙasa ne, an cika shi, akwai hatimin shagon da ya sayar, kuma kamfanin yana da wakili a nan, to zai yi. In na yanki ne, sai a can ƙasar da aka saya. Agogunan kiran salla irin su Al-Fajr da Al-Harameen da alhazai suke kawowa, matsalarsu sau da yawa ba lalacewa ba ce, saiti ne: an bar su a kan lokacin Makka ko Madina, mai shi yana mamakin azahar ta shigo da hantsi. Tsakaninmu da Saudiyya awa biyu ne. A saita gari, a saita lokaci, a ga ko har yanzu akwai sauran magana.

Shawarata ga mai niyyar sayo wa wani: ka tsaya a cika katin a gabanka, ka haɗa da rasit a cikin kwalin. Mutanenmu sukan cire rasit don kada a ga farashin kyauta. Kunya ce mai kyau, amma tana jawo asara.

Batir ne kawai ya ƙare. Shi ma sai na je har wurin dillali a Victoria Island?

In agogon mai tsada ne kuma yana cikin garanti, e, je. Sabon agogon da batirinsa ya mutu cikin 'yan watanni ma abin tuhuma ne, don wani lokaci injin ne yake zuƙe wuta fiye da ƙima, kuma wannan laifin ƙira ne. In garanti ya wuce ko babu shi, kowane mai gyara mai hankali zai yi maka cikin minti goma. Amma a nan ne ake yawan cutar mutane ba tare da sun sani ba, don haka bari in ɗan daɗe.

Batirin agogo mai hannaye iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Akwai na azurfa, lambarsa tana farawa da SR, kamar SR626SW wanda ake kira 377, ko SR920SW wato 371, ko SR621SW wato 364. Wutarsa tana tsayawa daidai har ya kusa ƙarewa. Akwai kuma mai araha wanda lambarsa take farawa da LR ko AG, irin wanda ake sa wa kayan wasan yara. Girmansu ɗaya, zai shiga ramin daidai, agogo zai tashi, kai ka tafi kana murna. Amma ba ya daɗewa, kuma ya fi saurin zubar da ruwan gishirinsa a cikin inji. Farin garin nan da kake gani ya kama ƙarfen da ke danne batir, shi ne. In ya ci ya kai ga allon wuta, an gama.

Don haka ka ce a nuna maka batirin a cikin ledarsa kafin a ɓare, ka karanta lambar da idonka. Renata, Maxell, Murata da Energizer sunaye ne da aka sani, ko da yake su ma ana yin jabunsu. Agogo masu lamba kuwa, irin su Casio, faffaɗan batir suke ci mai farawa da CR. F-91W da kowa ya sani, wanda ya fito tun 1989, CR2016 yake ɗauka, kuma kamfanin ya ce yakan kai kimanin shekara bakwai. Irin waɗannan, bayan an sa sabon batir sai an taɓa wani ɗan wuri da aka rubuta AC da hantsaki, a haɗa shi da bayan batirin, sannan fuskar ta dawo daidai. Na sha ganin an ce wa mutum agogonsa ya mutu, alhali wannan taɓin ne kawai ba a yi ba.

Abu biyu kuma. In ka ga hannun sakan yana tsalle bibbiyu ko hurhuɗu maimakon ɗaiɗai, ba lalacewa ba ce, agogon ne yake gaya maka batir ya kusa ƙarewa. Sannan agogo mai cin hasken rana, irin Eco-Drive na Citizen ko Tough Solar na Casio, ba a sa masa batir na gama-gari. Nasa mai caji ne. In ya tsaya, fara ajiye shi a bakin taga inda haske yake, kwana biyu ko uku, kafin ka ce ya lalace. Doguwar riga mai rufe wuyan hannu da zaman durowa su ne suke kashe shi.

Ina alwala da shi, ga shi yanzu hazo ya kwanta a cikin gilashi. An rubuta mita 30 a bayansa. Ba laifin kamfani ba ne?

Wannan rubutun ya yaudari mutane da yawa. Mita 30 ba ya nufin ka nutse da shi mita talatin. Gwajin matsi ne da aka yi a ɗakin gwaji, ruwa yana tsaye, agogo yana sabo. A aikace, mita 30 yayyafi ne da fantsamar wanke hannu. Mita 50 ya ɗan fi haka. Sai daga mita 100 ake maganar iyo, mita 200 kuma na masu nutso. Mu kuwa sau biyar a rana muke kwara ruwa daga tafin hannu har gwiwar hannu, wani a bakin famfo mai ƙarfi. Mai mita 30 a cire shi kafin alwala, dama cirewar ta fi sa ruwa ya game wuyan hannu. Wanda ba ya son cirewa ya nemi mai mita 100.

Abin da ke tare ruwa 'yan zobban roba ne: ɗaya a murfin baya, ɗaya a kunnen da ake murɗawa a saita lokaci, wani a gefen gilashi. Roba tana bushewa, sabulu da turare da gumi suna cin ta. Legas kuma gari ne na laima da iskar gishiri, ga damina daga Afrilu zuwa Yuli da ba ta tausayin kowa. Duk lokacin da aka buɗe murfi, ya kamata a duba zoben, a shafa masa man da ake shafawa, a zaunar da shi daidai. Mai gaggawa yakan datse shi da murfi, ko ya faɗi ƙasa bai lura ba. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa shekara uku agogonsa bai sha ruwa ba sai bayan canjin batir.

Game da garanti: in agogon sabo ne, ba a taɓa buɗe shi ba, kunnen yana rufe, kuma ba ka wuce abin da aka rubuta ba, kana da magana, za su gwada shi a na'urar matsi su gani. In kunnen a zare yake lokacin da ruwan ya shiga, ba za su karɓa ba.

Ruwa ba ya jira. Mai garanti ya kai wa dillali ranar ko washegari. Wanda ba shi da shi ya kai wa mai gyara nan take a buɗe, a cire batir, a busar. Binne agogo a cikin shinkafa ɓata lokaci ne, tsatsa tana aikinta kana jira.

Agogona yana gudu, wani lokaci kuma yana lati. Gyara yake so?

Wane iri ne? Mai batir yana ƙirga lokaci da ɗan dutsen da ke kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya, fasahar da Seiko ya fara fitarwa kasuwa a agogon hannu a Disambar 1969. Irinsa kuskurensa bai fi sakan goma sha biyar zuwa ashirin a wata ba. In yana zubar da mintoci, ko batir ne ko datti a cikin haƙoran inji.

Wanda ake yi wa wani ta hanyar murɗa kunnensa, da wanda motsin hannu yake ɗaure masa sifirin, lissafinsu daban. Ko waɗanda suka ci jarrabawar Suwizalan an yarda su yi latin sakan huɗu ko gudun sakan shida a rana. Tsohon Seiko 5 irin na iyayenmu in ya kauce da sakan ashirin a rana, lafiyarsa ƙalau. In ka ajiye shi kwana biyu ya tsaya, shi ma ba ciwo ba ne, ƙarfin da yake tarawa bai fi na awa arba'in ba. Amma in dare ɗaya ya fara gudun mintoci a rana, yawanci mayen ƙarfe ya kama shi, daga lasifika, ko murfin waya mai maganaɗisu, ko maɓallin jakar hannu. Ana cire wannan da 'yar na'ura cikin minti ɗaya ba tare da an buɗe agogon ba, don haka garanti ba ya taɓuwa.

Kuma kada ka canja kwanan wata da hannu tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba. A lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama, kana murɗawa za ka iya karya su, kamfani kuma zai ce kai ka yi.

Yaya zan gane mai gyara na kirki?

Dubi teburinsa kafin ka dubi bakinsa. Maƙwabcina yana da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa kafin ya buɗe kowane agogo, da 'yan gwangwanaye masu murfi da yake zuba sukurori, kowane agogo da nasa. Murfi mai zare yana da maɓuɗinsa mai haƙora, murfi mai dannawa yana da nasa, ba ya haɗa su. Ba ya taɓa fuskar agogo ko batir da yatsa. Ba ya hura inji da baki, don tururin numfashi ruwa ne, yana da 'yar robar hura iska. In motar yashi ta wuce ta tayar da ƙura, sai ya kife kofin gilashi a kan aikin ya jira.

Sai halinsa. Na kirki yana faɗa maka abin da ya gani da kuɗin aiki kafin ya fara. Yana mayar maka da abin da ya cire. Kuma yana iya cewa ba zai iya ba. Na ji shi da kunnena yana ce wa wata Hajiya, "Ranki ya daɗe, wannan ya fi ƙarfin teburina, kuma katinki da saura. Mayar musu, kada in ɓata miki." Ya rasa kuɗin ranar, amma duk agogon gidanta yanzu wurinsa ake kawowa.

Wanda zan ce ka guje wa shi ne mai fesa wa inji man da ake fesa wa kwaɗon ƙofa, ko mai tsoma shi dungurungum cikin fetur ya girgiza ya mayar. Agogon zai tashi a gabanka, bayan wata biyu ya kwanta.

Ya ce sai dai a canja injin gaba ɗaya. Ba cuta ba ce?

A agogo mai batir na matsakaicin kuɗi, galibi gaskiya ya faɗa. Agogunan ado da yawa, komai sunan da ke fuskarsu, ƙaramin inji ne na Japan a ciki, kamar Miyota 2035 na gidan Citizen ko PC21 na gidan Seiko, wasu kuma Ronda na Suwizalan. Ana yin su da yawan gaske, kuma sabo ya fi arha a kan zama a warware tsoho. Ka dai nemi a sa maka irin lambar da aka cire, a nuna maka rubutun jikinsa, a ba ka tsohon.

Ina tsoron a musanya mini kayan ciki.

A agogo mai araha babu abin musanyawa da zai biya wahalar. A mai tsada tsoron yana da tushe. Ɗauki hoton gaba da baya da lambar jikinsa, in an buɗe a gabanka ka ɗauki hoton injin, ka karɓi takardar ajiya mai lambar agogon. Ƙaramin aiki ka tsaya a kansa. Kada ka bar agogo mai daraja wurin wanda ba shi da wurin zama tsayayye.

Nawa irin na zamani ne mai haɗuwa da waya. Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, zan kai?

In yana cikin garanti, a'a, fara da masu shi. Na Oraimo, Carlcare ne yake kula da su, su ne dai masu duba wayoyin Tecno da Infinix da itel, kuma suna da wurare a Legas. Apple ba shi da shagon kansa a Nijeriya, sai wakilan da ya amince da su, Samsung ma yana da cibiyoyin gyaransa. Irin waɗannan agogunan manne su ake yi da gam, ba sukurori ba, shi ya sa kamfani ya fi yawan musanyawa a kan gyarawa. Yaran Ikeja suna da hannu, za su canja maka fuska ko batir in garanti ya wuce, amma bayan an ɓanɓare an sake mannewa, kada ka ƙara yarda da shi a ruwa. Kafin ka miƙa, cire shi daga asusunka, ka goge bayananka. Kafin ma ka fita daga gida, gwada wata wayar caji, ka goge 'yan ƙarafan bayansa, don gumi yakan toshe su.

Sati biyu da saye ya lalace, mai shago ya nuna mini rubutun "ba a mayar da kaya". Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓa, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wannan haƙƙi ne tsakaninka da wanda ya sayar maka, ko da kati ko babu, kuma rubutun bango ba ya soke doka. Ana kai ƙara hukumar tarayya ta FCCPC, jihar Legas ma tana da tata, LASCOPA. Rasit za su fara tambaya, in ta banki ka biya, shaidar turawar ma tana taimakawa.

Ni dai ina ganin a fara da lalama. Koma da agogon yadda yake, ba a buɗe ba. In ya ƙi, kasuwanni suna da shugabanni, kuma ɗan kasuwa ya fi jin kunyar a kira shi ofishin ƙungiya a gaban maƙwabtansa. Hukuma ta zama ta ƙarshe.

An ce sai an aika shi waje. Ya cancanci jiran?

Ta hannun dillali, e, in agogon mai daraja ne: su ke ɗaukar nauyin kai da kawowa, kai haƙuri kawai za ka yi, don makonni ne, wani lokaci watanni. In da kanka za ka aika, yi lissafi tukuna: kuɗin aikawa, inshora, da abin da kwastan za su iya nema in ya dawo. A agogo mai matsakaicin farashi, wannan yakan kai kuɗin sabo. Masu ba ɗan'uwa mai tafiya ya kai musu su haɗa masa da kati da rasit, su kuma tuna gyaran ba lallai ya ƙare kafin ranar dawowarsa ba.

Rolex ne na gado, garanti ya ƙare tun tuni. Wa zan ba?

A nan kuɗi da zuciya suke karo. Manyan kamfanonin Suwizalan ba sa sakin kayan gyaransu ga kowa, don haka mai tebur, komai gwanintarsa, in wani abu ya karye a ciki sai dai ya nemo na tsohon agogo ko na kwaikwayo, kuma wannan yana rage darajar abin. Rolex yana da dillalin da ya amince da shi a Victoria Island, wato Polo. Kamfanin yana ba da shawarar cikakken sabis kusan duk shekara goma, kuma bayan sabis ɗin yana ba da sabon garantin shekara biyu a kan aikin. Kuɗin ba kaɗan ba ne, nemi a rubuta maka ƙiyasi kafin ka amince.

Abu ɗaya ka faɗa musu tun farko in tarihin agogon ya dame ka: sabis na kamfani yakan haɗa da goge jiki, wani lokaci da canja tsofaffin hannaye ko fuska. In kana son ƙarzar da mahaifinka ya bari ta zauna, ka ce kada a goge, a rubuta a takarda.

Tsohon Seiko 5 ko Orient ko Citizen na gado kuwa, dattawan masu gyara na Legas sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu, kayansu kuma suna samuwa.

Gilashi ya fashe, ko maɗauri ya tsinke?

Maɗauri da ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, ko rage tsawon sarƙa, ko'ina a yi, ba a buɗe agogo. Gilashi sai an fitar da inji, don haka mai garanti ya kai wa dillali ya biya. In ya fashe, ja kunnen waje agogon ya tsaya, kada ɓarɓashi ya bi hannaye ya ƙarje fuskar.

In zan je wurin dillali, me zan riƙe?

Agogon, katin garanti, rasit, da kwalin in yana nan. Kira su tukuna ka ji ko a wannan reshen ake karɓar gyara, kada ka ci cunkoson gadar Third Mainland tun daga Agege a ce maka sai wani wuri. In matsalar mai zuwa da tafiya ce, ɗauki bidiyonta da waya, don agogo yana da halin tashi garau da zarar an aza shi a kan kanta. Faɗi abin da ya faru yadda ya faru, in ya faɗi ka ce ya faɗi, za su gani a jikinsa. Kafin ka fito, karɓi takardar da aka rubuta lambar agogon, da yanayin da ka kawo shi, da ranar da za su kira ka, ka ɗauki hotonta a waya tun kana tsaye a wurin.